Gawon Iyaka da Kilen Mushe

Da bazara ya zo mana, rana tsaka, ranar da ba kasuwa. Ina ƙarƙashin rumfa ina ɓarar gujiyar iri, sai na ji sallamar namiji a zaure, surukata ta ce a shigo tun ban buɗe baki ba. Wannan ma na riƙe shi a raina.

Malamin lakol ne, a kwalejin Agiye yake koyarwa, kowa Mushe yake ce mashi, yadda ake kiran malaman lakol. Na san shi tun yana yawo ba wando. Na san uwarshi kuma, shi ya sa na bar shi ya gama gaisuwa a tsaye kafin in nuna mashi tabarma. Uwarshi ƙanwar tsohon da muke rigimar iyakar gona da shi ce, ciki ɗaya.

A wuyanshi akwai igiya, da wani ɗan abu a rataye wanda bai kai tsawon yatsa ba, sai ka ce laya. Shi suke kira kile. Ya ce a ciki akwai manhaja, wani aiki ne da ake zuba ma ordinatar, wato kwamfuta, ya share mata datti, ya kashe cutar da suke ce ma birus, in kuma wani abu ya ɓace a cikinta ya nemo shi. Ya ce yana bin gidajen da ke da ordinatar ne ɗaya bayan ɗaya yana zuba masu. Ba su da yawa a unguwarmu. Ya riga ya yi ma tsohon jandarma da mai sayar da magani, saura mu.

Na ce, "Nawa?"

"Kyauta ne, Inna."

"Kai wa ya ba ka?"

"Waɗanda suka yi shi. Sun ajiye shi a intanet, duk mai so ya ɗauka."

"Su kuma mi suke ci?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ordinatar ɗin ta babban ɗana ce, wanda ke aikin asibiti a Cadakori. Ya bar ta gida saboda matarshi, surukar tawa, mai ɗinki ce, a ciki take tara hotunan ɗinkuna tana nuna ma mata su zaɓa. Ni ban yi lakol ba, iyakata da ita in ce a rufe ta da zane kar kaji su hau. Amma akwai abu ɗaya nawa a cikinta. Shekarar da maigidana zai rasu, ɗan nawa ya bi shi gona da salula, wayar hannu, ya ɗauki hotonshi mai motsi yana zagaya iyaka yana faɗin inda tamu ta tsaya. Salular ta faɗa rijiya daga baya, sai dai kafin nan an juye hoton a ordinatar. Shekara uku ban taɓa kallonshi ba. Ban ga dalilin da zan zauna in kalli mamaci yana tafiya yana magana ba, kuma a ganina na san abin da zai ce. Shekara arba'in ina kai mashi fura gonar nan.

Rigimar a kan gawo ce, da ƙasar da ke kewaye da shi, taki goma ko fiye kaɗan. Hatsin gindin gawon nan ya fi na duk gonar kai, kuma da rani ƴaƴanshi ne ke riƙe mani awaki. Gambar da ke nuna iyaka ta daɗe da ƙarewa, masu saƙar zana sun yanke, yashi ya binne saura. Tsohon ya ce wurin nasu ne, aro ubanshi ya ba maigidana. Na ce ban taɓa jin aron da ya yi shekara arba'in ba a tambaye shi ba. Bai ta da maganar ba sai da maigidan ya rasu, sai kuma da na hana damin da ake kai masu. Domin maigidan yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mani rai: kowace kaka sai ya ware dami ɗaya na hatsi ya ce a kai gidan tsohon nan, mutanen da ke da rumbu uku. Na sha yi mashi magana, sai ya gyara hula ya fita. Da ya rasu na ce sadaka ta koma inda ake yunwa.

Mai gari ya sa mana rana, ya ce duk mai shaida ya zo da ita kafin ruwan farko ya sauka a yi shuka. Shaidata tana cikin ordinatar. Saura kwana tara a zauna, sai ga ɗan ƙanwar abokin rigimata da abin share-share a wuya, wai kyauta.

Mu asalinmu daga arewa muke. Ubana da shanu ya shigo ƙasar nan, sai da suka ƙare ya kama hauya. Abu ɗaya ne bai bari ba har ya koma ga Allah: dabbar da ta zo daga waje ba ta haɗuwa da garke sai ta kwana bakwai a turkenta ita kaɗai. In da ciwo a jikinta, zai fito a kwanakin nan. Ta kyauta ma ya fi sa mata ido a kan ta saye.

Na ce ma Mushe, "Cire shi ka ajiye nan."

"Inna, aikin ba ya wuce shan ruwa fa."

"Kwana bakwai."

Surukata ta matso. "Inna, ordinatar ɗin nan tana wahala. Kafin ta buɗe sai na dafa shayi na shanye."

"To ki riƙa shan shayin."

Ya cire igiyar ya ɗora a kan faifai, ya ce ba komai, yana da wani a gida. Na sa aka auno mashi tiya ɗaya ta gujiya, tukwici. Ya ce a'a. Na ce ya ɗauka, ya ce wallahi ba don haka ya zo ba. Har sau uku. A nan ne raina ya gama ɓaci da shi. Wanda ya kawo kyauta ana ba shi tukwici ya karɓa, a rabu ba mai nauyin wani. Mutumin da ya ƙi gujiya, na ce a raina, akwai abin da yake jira wanda ya fi gujiya.

Na ƙulle kilen a tsumma, na sa a ƙwarya, na rufe da faifai, na rataye a ragayar ɗakina, nesa da ɗakin da ordinatar take. Kowace safiya sai na sauke na duba. Ban san abin da nake nema ba, tunda ƙarfe ba ya majina, ba ya zawo. Amma ina dubawa.

Ubana ba ya tsayawa kan dabbar kaɗai, yakan je ya ga garken da ta fito da inda ƴan uwanta suka shiga. Saboda haka rana ta uku na yafa mayafi na tafi gidan tsohon jandarma. Matarshi sa'ata ce, bakinta ba ya rufuwa, kuma labari ya riga ni isa.

"Maraba da ɗiyar makiyaya. An ce kin ɗaure ƙarfe a turke. Kin ba shi dusa kuwa?"

"Ke dai faɗa mani. Tun da ya zuba maku abin nan, ya lafiyar taku?"

"Gudu take kamar an sa mata mai. Maigidan har ya daina zaginta."

"Ba abin da ya ɓace?"

"Sai dai tarkace. Hotunan sunan jikata sun shiga sau uku-uku, ya goge biyu ya bar ɗaya."

"Ya goge."

"Mai amfanin iri ɗaya har uku?"

"Kin ƙirga da idonki kin ga ɗayan yana nan?"

Ta ce ita ba ta da lokacin zama ƙirgar hotuna, in sha ruwa in huce. Na sha ruwan, ban huce ba. Abin da na zo ji na ji: abin nan yana gogewa, kuma shi ke zaɓar abin da zai goge. A hanyar komawa na biya ta ƙofar gidan tsohon, abokin rigimata, ba don hanya ta bi nan ba. Babur ɗin Mushe yana jingine a bakin zaure. Gidan kawunshi ne, na sani, yana da ikon zuwa gaisuwa. Amma na lura da shi.

Rana ta biyar da hantsi wata mata ta zo zaɓar ɗinki. Ina tsakar gida na ji surukata ta ce, "Innalillahi." Na shiga na same ta ta dafe kai, ordinatar a kunne, gilashinta fayau. Ta ce babu komai a ciki. Hotunan ɗinki babu, takardun mijinta babu.

"Na gona fa?"

Ta ce shi ma babu.

Na sallami matar, na rufe ƙofa. Da farko ɗakina na nufa, na sauke ƙwarya. Kilen yana nan a ƙullinshi, irin ƙullin da na yi da hannuna. Na dawo na zaunar da ita.

"Jiya da na tafi gaisuwar mutuwa, wa ya shigo gidan nan?"

"Ba kowa, Inna."

"Ya ce yana da wani a gida. Kin ji da kunnenki."

"Wallahi bai zo ba. Ko a hanya ban gan shi ba."

"To mi ya shiga cikinta? Abu ba ya kamuwa haka nan."

Sai ta buɗe aljihun keken ɗinki ta fito da wani ɗan kati, bai kai farcen babban yatsa ba. Ta ce shi take kai wa wani mutum a tasha kowace kasuwa ya zuba mata sababbin ɗinkuna, ta dawo ta juye a ordinatar. Ta fi shekara tana haka. Shekaranjiya ma ta kai.

Na karɓi katin na juya shi a tafina. Kwana biyar ina gadin ƙwarya, wannan kuwa yana zuwa tasha ya kwana a hannun da ban sani ba, ya dawo ya shige ɗaki ta gabana, ban taɓa tambayarshi ba, don ban san da shi ba. Kuma shi ba kyauta ba ne, biya take.

Ta kira mani ɗana a salula. Ya saurara, ya ce, "Inna, ki nemi Mushe."

"Ka san ko ɗan wa ne?"

"Na sani. Benci ɗaya muka zauna a lakol."

"Kai da ka ɗauki hoton, mi babanka ya ce a gindin gawo? Ka zo ka faɗa ma mai gari da bakinka."

"Wallahi Inna ban riƙe ba. Iska ake yi ranar, ni hankalina yana kan kar hannuna ya girgiza."

Ɗan da aka kai lakol ke nan. An nuna mashi iyakar gonar ubanshi, shi yana kallon hannunshi.

Washegari ni da kaina na tafi kwalejin. Ban aika ba, don ban so saƙon ya biya ta wani gida kafin ya isa. Na zauna a gindin itacen bedi har aka tashi, na tare shi a ƙofa. Bai ce ai ga shi nan ba. Da ya faɗa da na fi samun natsuwa, don na san irin mutumin da nake magana da shi.

Bayan azahar ya zo. Na sa aka fito da ordinatar tsakar gida, a kan tabarma, inda haske yake. Na ce da kilen ƙwaryata za a yi, ba da na aljihunshi ba. Na ce duk abin da yatsanshi zai taɓa sai ya faɗa da baki tukuna, surukata kuma ta karanta abin da ya fito ta mayar mani da Hausa. Na zauna a damarshi, gwiwata tana taɓa tabarmar. Na kwance tsumman. Kwana shida ne. Ubana bai taɓa sakin dabba a kwana shida ba.

Ya soka kilen, ya duba, ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Irin wannan birus ɗin ba ci yake ba, ɓoyewa yake."

"Ɓoyewa kamar yaya?"

"Kamar yadda kika yi ma kilena."

Surukata ta rufe baki da gefen zane. Na kalle ta, ta sauke.

An daɗe wani ɗan layi yana tafiya a hankali. Sai wasu rubutu ja suka fito. Surukata ta karanta ta ce, "Yana tambaya ko a goge."

Na kama wuyan hannunshi. "A goge mi?"

"Ciwon, Inna. Jajayen nan su ne."

"Ina na san ba maigidana ne a cikin jan ba?"

"Ba ki sani ba," in ji shi. "Sai dai ki yarda da ita, ta karanta maki sunayensu ɗaya-ɗaya. In ban kashe su ba, hoton ba zai fito ba. In kin ce a bari, sai in cire kilena in tafi."

Na sa ta karanta. Sunaye ne da ba su yi kama da komai ba, ba gona, ba gawo, ba Baba. Na sa ta sake. Sannan na saki hannunshi.

Abubuwa suka fara dawowa, ɗinkuna, takardu, har hotunan da ta ce ta manta da su. Ta nuna wani da yatsa, muryarta ta sauka. "Ga shi, Inna."

Mushe ya miƙe zai koma zaure. Na ce ya zauna. Ina so ya ji da kunnenshi, ya kai ma kawunshi.

Sai ga maigidan, da rigarshi mai ruwan ƙasa da na ɗinke wa aljihu, yana tafiya yana dogara sanda, iska tana kaɗa mashi wando. Ya bi gabas, ya nuna tsohon kututture. Ya bi kudu. Da ya juyo wajen gawo sai ya tsaya a kan suri, taki goma kafin itacen, ya yi tarin nan nashi, ya buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Tamu nan ta tsaya. Daga surin nan zuwa gawo aro ne, babansu ya ba ni shekarar da na yi aure. Damin da nake aikawa kowace kaka shi ne shaida. Kar a fasa. Ranar da suka nema a ba su."



Abin da ya fara zo mani shi ne an sa mashi magana a baki. Na ji ana cewa yanzu ana iya wannan. Na kalli yatsun Mushe, suna kan gwiwarshi. Na ce a mayar baya, aka mayar. A karo na biyu na bar kallon maigidan na kalli bayanshi. Can a inuwar gawo ga wata mata zaune da ƙwaryar fura, da zanen da har yau yana cikin adakata. Da ya gama magana sai ta ɗaga murya ta ce su zo su sha kafin ta tsinke, surutun ya isa haka. Muryata ce. Ina wurin aka faɗa, taki goma tsakaninmu, ina korar ƙuda daga bakin ƙwarya.

Shekara arba'in bai faɗa mani ba. Ko yana ganin maganar gona ta maza ce, ko yana tsoron bakina, Allah ne ya sani. Ni kuma na ga dami yana fita, na kira shi sakin hannu.

Mushe ya zare kilenshi ya mayar a wuya. Ya ce, "Inna, ni aikina in gyara ordinatar. Abin da ke cikinta naku ne, ban ga komai ba." Ya ce ma surukata kar ta ƙara soka katin tasha sai manhajar ta duba shi. Ya yi sallama.

Saura kwana uku a zauna gaban mai gari. Na yi su ina jira. Na san Mushe ba zai iya riƙewa ba, tsohon jininshi ne. Na je rijiyar da matan gidan tsohon ke ɗiban ruwa, na duba fuskokinsu, ba wadda ta kalle ni da wani ido. Na gamu da uwar Mushe a wurin niƙa, ta tambaye ni ciwon gwiwa. Tsohon da kanshi ya wuce ni a kan jaki, ya kau da kai kamar yadda ya saba, ba fiye ba. Rana ta biyu surukata ta ce a hankali, ba tana kallona ba, ai ordinatar ta sha lalacewa, in na ce hoton ya ɓace ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce ta je ta duba tukunya.

Ranar zaman na sa aka ciro dami daga rumbu aka ɗora a amalanke, da ordinatar a naɗe cikin zane. Mai gari ya ce ina shaidata. Na ce ba sai an kunna ba, mai gonar ya yi magana, aro ne, daga suri zuwa gawo. Tsohon ya buɗe baki ya kalle ni, kallon wanda ya zo da shirin faɗa bai samu ba. A nan na tabbata bai ji komai ba. Ya karɓi damin. Wurin ma ya karɓa, ya ce ƴaƴanshi sun yi yawa, gona ta yi masu kaɗan. Da ruwa ya sauka suka shuka har gindin suri, ni na shuka gamba a kan layin da hannuna, sau biyu, kusa da kusa. Da rani ya zagayo na sayar da awaki biyu, don ƴaƴan gawo sun zama na wasu.

Gujiyar kuwa ban bar ta ba. Na aika ma uwar Mushe tiya biyu, ita ta san abin da ya kamata, ta karɓa ta sa albarka. Shi har yau yana yawo da igiyarshi a wuya, an ce ya kai har Gazawa da Gangara ranar kasuwa, yana zuba ma mutane. In mun gamu yakan rusuna ya ce, "Inna, ya ƙwarya?" Ina amsa gaisuwar in wuce. Ban gano abin da yake samu ba, ban gano abin da masu yin manhajar suke ci ba, kuma ban daina tambaya ba.

Ƙwaryar tana nan a ragaya. Katin tasha ne ke kwana a cikinta yanzu. Surukata ta ce ba amfani, manhajar na duba shi kafin ƙiftawar ido. Na ce ta duba, bayan kwana bakwai.